Aikin jinya a ƙauyen 'yan asalin Guyana: me zan tarar a can?

"Assalamu alaikum Malam. Ni nas ne, shekarata shida ina aiki a karkara nan gida. Wata ƙungiya ta ba ni aikin shekara biyu a ƙasar Guyana, sun ce za a tura ni wani ɗan ƙauye na mutanen da suke kira Amerindiyan a yankin Rupununi. An ce min ka taɓa zama a can. Don Allah yaya rayuwar take? Akwai asibiti, ruwa, wuta, sabis ɗin waya? Musulmi zai iya zama kuwa? Mahaifiyata duk ta tada hankalinta, ta ce daji za a kai ni a yar."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kuma kwantar wa Hajiya da hankali. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a dunƙule: me gwamnati ta tanada a irin wannan ƙauyen, sannan kai baƙo kuma Musulmi za ka iya rayuwa a ciki ko kuwa. Amsa a taƙaice ita ce eh, za ka iya, kuma kusan duk abin da ka lissafa akwai shi daidai gwargwado. Amma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, a can ba "akwai ko babu" ce tambayar ba, tambayar ita ce nisan nawa ne, kuma a wane wata ne na shekara. Nisa da damina su ne ke juya komai. Wanda kuma ke riƙe da ƙauyen idan hanya ta yanke ba gwamnati ba ce, ba ƙungiyarku ba ce, mutanen garin ne da kansu.

Ni a arewacin Rupununi na yi aiki, cikin ƙabilar Makushi, to abin da zan faɗa ma na wannan yankin ne. Ƙauyukan da ke bakin koguna a arewa maso yamma ko na kan duwatsun Pakaraima rayuwarsu ta ɗan bambanta, can galibi kwalekwale ko jirgin sama ne hanya.

Su waye mutanen

Guyana tana arewacin Kudancin Amurka, tsakanin Venezuela da Barazil da Suriname. Ingila ce ta mulke ta har zuwa 1966, shi ya sa ita kaɗai ce a wannan nahiyar take aiki da Turanci. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen ƙasar ba su kai 750,000 ba, kuma yawancinsu suna zaune ne a ɗan siririn bakin teku inda babban birni Georgetown yake. Kar sunan ya ruɗa ka, Amerindiyan ba 'yan Indiya ba ne. Akwai jikokin 'yan Indiya da yawa a ƙasar, waɗanda Turawa suka kawo aikin rake, amma su daban ne. Amerindiyan su ne 'yan asalin wurin tun kafin Bature ya taka ƙasar, kuma sun kai kashi 10 da ɗoriya cikin 100 a waccan ƙidayar. Ƙabila tara ne: Lokono da ake kira Arawak, Karib, Warau, Akawayo, Arekuna, Patamona, Makushi, Wapishana da Waiwai. A Rupununi Makushi ne a arewa, Wapishana a kudu, Waiwai can ƙurya kusa da iyakar Barazil.

Ka gaya wa Hajiya Rupununi ba ƙurmin daji ba ce duka. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa da tsirarun bishiyoyi da gidajen gara, ga shanu, ga duwatsu daga nesa. Ranar farko da na fito daga dajin Iwokrama na ga filin ya buɗe, wallahi sai da zuciyata ta tuna min gida.

Hanya

Daga Georgetown zuwa Lethem, hedikwatar Yanki na 9, wato yankin mulkin da Rupununi take ciki, ya haura kilomita 500. Zuwa Linden kwalta ce, daga nan an soma shimfiɗa kwalta zuwa Mabura, sauran kuwa jan burji ne. Bas ɗin haya da yamma yake tashi ya kwana yana tafiya, ya isa Kurupukari a jira gari ya waye, don jirgin fiton da ke tsallakar da motoci kogin Essequibo ba ya aiki da dare. Ka tsallaka ka ratsa dajin Iwokrama, hekta 371,000 da ƙasar ta keɓe, sai ka ɓullo wajen mararrabar Surama, sai Annai, daga nan Lethem sauran kilomita 100 da wani abu. Da rani tafiyar ta fi awa 12. Da damina kuwa, wato wajen Mayu zuwa Agusta, babu mai iya yi ma alƙawarin lokaci, babbar mota ɗaya in ta kafe a taɓo ko gada ta karye sai kowa ya zauna. Akwai ƙananan jirage da ke tashi daga filin Ogle da ke gefen Georgetown zuwa Lethem cikin ƙasa da awa biyu, amma ana auna ka a auna kayanka, kuma kuɗin ba na talaka ba ne.

Na dage a kan hanya ne saboda duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Buhun shinkafa, man fetur, siminti, allurar rigakafi, takardar jarrabawar yara, duk ta nan suke bi, shi ya sa kaya suka fi tsada a ƙauyen da mutanensa suka fi ƙarancin kuɗi. Wani abin ma ya fi sauƙin samu daga Barazil, tunda an buɗe gadar kogin Takutu a 2009 mutum zai tsallaka daga Lethem zuwa Bonfim cikin mintuna, kuma zaka ji matasa da yawa suna jin yaren Fotugal saboda zuwa neman aiki birnin Boa Vista na Barazil.

Toshawo da majalisarsa

Abu na farko da zaka yi in ka sauka, kafin ma ka kwance jaka, ka je ka gaida toshawo. Shi ne shugaban ƙauye, kamar dagaci a wurinmu, sai dai ba gado ake yi ba, zaɓensa ake yi duk shekara uku tare da 'yan majalisarsa, kuma mata ma suna hawa kujerar. Dokar Amerindiyan ta 2006 ita ta tsara wannan. Ƙasar ƙauye ta jama'a ce gaba ɗaya da takardar mallaka guda, ba wanda zai yanki fili ya sayar wa baƙo, kuma baƙo ba ya shigowa ya zauna sai da izinin majalisa. Manyan shawarwari a taron gari ake yanke su, a cikin wata babbar rumfar kaba mai zagaye da suke kira benab.

Na ga baƙi masu ilimi da kyakkyawar niyya da aikinsu ya lalace saboda sun raina wannan matakin. Mutanen nan ba masu hayaniya ba ne, ba za su yi ma gardama a fuska ba, zaka gama jawabinka kowa ya yi shiru ka ɗauka an amince, ranar aiki ka ga ba kowa. Shirunsu ba yarda ba ce, saurare ne. Ka rage murya, ka daina katse mutane, ka bar dattijo ya gama tunaninsa ko da zai ɗauki minti biyu bai ce uffan ba. Mu da muka saba da ɗaga murya a kasuwa da tasha, wannan ne darasi mafi wuya, amma shi ne mabuɗin komai.

Suna da aikin gayya irin namu, Makushi suna kiransa mayu (kar kalmar ta firgita ka, ba mayun da muka sani ba ne). Mai gona zai gayyaci jama'a a sare masa daji ko a yi masa jinka, ya ciyar da su. Akwai kuma ranar aikin gari, a share filin jirgi, a gyara gada, a nome harabar makaranta. Ka fito da addarka ranar. Awa biyu da za ka yi kana sara tare da su sun fi ma wata shida na wa'azin tsafta.

Ɗakin shan magani

Toh ga ɓangarenka. Tsarin hawa-hawa ne kamar yadda ka sani. A ƙaramin ƙauye ɗakin shan magani ne, ɗaki biyu ko uku, mai kula da shi ma'aikaciyar lafiya ce 'yar garin wadda aka tura ta kwas ta dawo. Sama da shi akwai cibiyar lafiya mai nas da ungozoma da wani ma'aikaci da suke kira medeks, wanda yake tsakanin nas da likita, yana duba marasa lafiya yana rubuta magani. Sai asibitin gunduma, sai asibitin yanki a Lethem, ƙarshe babban asibitin Georgetown. Magani da dubawa kyauta ne a wurin gwamnati. Matsalar dai isowar maganin, da isar majinyaci inda ya kamata.

Ma'aikaciyar da na tarar ita ce malamata ta gaskiya. Ta san kowace mai ciki, ta san wacce ke kwana a gona mil biyar daga gari, ta san tsohon da ba zai sha ƙwayar hawan jini ba sai jikarsa ce ta miƙa masa. Ita ce tafinta, don tsofaffi da yawa Makushi kawai suke sakewa da shi. Kar ka je da niyyar koya mata aiki. Ka tambaye ta me take so a taimaka mata da shi.

Bari in ba ka labarin dare ɗaya. Cikin Yuli ne, ruwa ya mamaye fili har ba ka gane ina hanya ina fadama. Wajen ƙarfe ɗaya aka buga min ƙofa, wata yarinya mai cikin fari, naƙuda tun la'asar, jini ya hau, ƙafafu sun kumbura, tana cewa kanta zai tsage. Ka san me wannan ke nufi. Muna da allurar da za ta tare jijjiga, muka yi mata, amma haihuwar ba ta wurinmu ba ce. Sabis babu, sai muka kunna rediyon oba-oba muna ta kira babu amsa, wanda ya kamata ya saurara a ɗaya ɓangaren ba ya kusa, sai da asuba aka ɗauka. Kafin nan toshawo ya riga ya tashi samari. Suka ɗaure gadon lilo a jikin doguwar sanda, mutum biyu gaba biyu baya, suna canji, ni ina biye riƙe da ledar ƙarin ruwa sama da kaina, ma'aikaciyar tana haska mana da tocila. Inda ruwa ya kai ƙugu suka ɗaga ta bisa kafaɗa. Daga nan kwalekwale, daga nan tarakta har bakin titi inda mota ta same mu. Ta haihu lafiya a asibiti, ita da ɗanta. Ba wanda ya nemi ko sisi a cikin samarin nan. Tun daga ranar na daina jira sai naƙuda, duk mai cikin da na ga alamar haɗari nakan zauna da ita da mijinta da uwarta tun wata bakwai mu shirya ta koma kusa da asibiti kafin ruwa ya rufe hanya. Lallashin ba sauƙi, don barin gona da yara na sati huɗu ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, sai ka haɗa da majalisa a san wa zai kula da gidan.

Cututtukan da zaka fi gani: mura da ciwon ƙirjin yara, gudawa musamman farkon damina da ƙarshen rani lokacin da rijiyoyi suka ja baya, tsutsar ciki, ciwon fata, raunin adda, haɗarin babur, da sarar maciji, musamman wani mai suna labariya da ke hana jini daskarewa. Hawan jini da ciwon suga suna ƙaruwa tunda kayan kanti da lemon kwalba suka shigo. Akwai wani gyambo da ƙaramin ƙuda ke jawowa, ba ya jin maganin ciwo na yau da kullum, in ka ga gyambo mai kauri a baki ya ƙi warkewa ka tura a gwada. Akwai zazzaɓin dengi ma.

Maleriya kuwa sai ka sake karatu. Mu a gida kusan duk nau'in falsifarum ce, can akwai nau'in vivaks da yawa, wadda ke ɓuya a hanta ta dawo bayan watanni. Don haka ba a ba da magani da ka, sai an gwada an san wace iri ce, kuma mai vivaks sai ya haɗa da maganin firimakwin na kwana 14, wanda shi ne mutane ke yarwa da zarar jiki ya yi sanyi. Yawancin masu kawo ta samari ne da suka dawo daga ramukan haƙar zinare. Kullum ka tambayi mai zazzaɓi, ina ka je a wata biyun nan? Haƙar zinaren nan tana da wata illar, zaibar da ake kama zinare da ita tana shiga kogi ta taru a jikin manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, kuma kifi shi ne naman mutanen. A ƙauyukan da ke kusa da ma'adinai wannan babban abin damuwa ne ga masu ciki.

Za ka ji ana maganar piyaiman, wato mai maganin gargajiya, da kanaima, wani abin tsoro da suke danganta mutuwar farat ɗaya da shi. Kai Musulmi ne, ba sai ka yarda ba, amma kar ka yi dariya, kar ka yi musu a gaban mai jinya. Ni abin da nake cewa shi ne, ku yi naku, amma ku bar ni in gwada jininsa yau.

Ruwa, wuta da sabis

Ruwa rijiya ce ta hannu a yawancin gidaje, sai rafi, sai tankin tarar ruwan sama. Ƙauyuka da yawa yanzu suna da burtsatse mai famfon sola da tanki a sama, da famfuna a makaranta da ɗakin magani da wasu unguwanni. Amma gidajen a warwatse suke, ba cunkushe kamar namu ba, wani gidan sai ka yi tafiyar minti ashirin kafin na gaba, don haka bututu ba ya kaiwa kowa. Ka tafasa ruwanka ko ka tafi da matata. Banɗaki masai ne na rami.

Wuta sola ce. Gwamnati ta raba ƙananan faranti na gida-gida har sau biyu, na farko wajen 11,000, na baya 30,000 masu ɗan ƙarfi, suna kunna ƙwai biyu da fanka da cajin waya. Ciwon sola batir ne, bayan 'yan shekaru ya mutu, sabo kuma sai Lethem ko Georgetown. Firjin rigakafi ma na sola ne, ka ɗauke shi kamar jaririnka, safe da yamma ka duba ma'aunin sanyinsa ka rubuta, ka goge ƙurar farantin da rani, kuma kar ka bari a saka kifi ko ruwan sha a ciki ko waye ya roƙa.

Sabis ya danganta da ƙauyen. Na kusa da babban titi suna samu, wasu sai an hau tudu. An kafa wuraren intanet na tauraron ɗan'adam a ƙauyuka da yawa, yawanci a ofishin gari ko makaranta, da yamma zaka ga mutane sun taru a gindin bango kowa da wayarsa. Wasu ɗakunan magani ma an sa musu na'urar ganawa da likita ta bidiyo. Wannan ɓangaren yana canzawa da sauri, don haka ka sa ƙungiyar ta faɗa ma sunan ƙauyen takamaimai, ka nemi lambar wanda ke aiki a can yanzu ka tambaye shi. Agogonsu yana bayan na Najeriya da awa biyar, in ka kira Hajiya bayan ka idar da sallar asuba ita hantsi ya yi mata. Ka sa mata rana guda a sati, kuma ka gaya mata tun yanzu cewa in ta ji shiru kwana uku hadari ne ya rufe rana, ba wani abu ba. Banki sai Lethem, ka riƙe tsabar kuɗi. A yankin Annai akwai gidan rediyon jama'a, Radio Paiwomak, tun shekarar 2000 yake watsa shiri da Makushi da Turanci, in kana da sanarwar rigakafi ka kai can.

Makaranta

Kusan kowane ƙauye yana da nazire da firamare, kuma ana dafa wa yara abincin rana, matan gari ne ke dafawa, ana sayen wani kayan daga manoman garin. A Aranaputa ma ƙungiyar mata ce ke niƙa gyaɗa ana shafa wa yara a gurasar rogo. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan aji shida. Sakandare ba ta kowane ƙauye, sai a Annai ko St. Ignatius ko Aishalton da makamantansu, yaro ɗan shekara 11 ko 12 zai bar iyayensa ya koma ɗakin kwana. A watan Mayun 2023 gobara ta tashi a ɗakin kwanan 'yan mata a Mahdia, a Yanki na 8, yara 20 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙauyukan Amerindiyan. Wannan abin ya girgiza duk wata uwa da ke da ɗa a makarantar kwana. Kai ma'aikacin lafiya ne, in aka kai ka duba irin wannan wurin kar ka tsaya a kan ƙwarkwata da ƙazwa, ka duba ƙofofi da tagogi, ka tambaya wa ke riƙe da makulli da dare.

Wani abin da ke ci min rai shi ne yare. Karatu da Turanci ake yi, yara da yawa suna jin Makushi amma ba sa mayarwa. Akwai masu ƙoƙari a cibiyar Bina Hill da matan da suka tattara sanin kakanni a rubuce. Ka koyi gaisuwa da sunayen gaɓoɓin jiki da yarensu, tsofaffi za su ji daɗi ƙwarai.

Rogo

A nan zaka ji kamar kana gida. Rogon da muke ci asalinsa daga wannan nahiyar ne, 'yan Fotugal suka kawo shi Afirka, haka gyaɗa da kashu da abarba. Su rogo mai ɗaci suke nomawa, mai guba, kuma sun san yadda ake raba shi da gubar tun kaka da kakanni. Matar gidan da ke maƙwabtaka da ni takan dawo daga gona da kwandon goyo a bayanta, igiyarsa a goshi, cike da rogo. A kankare, a gurza, sai a ɗura a wani dogon kwando siriri da suke kira matapi, a rataye shi a jikin rumfa, a zura sanda a ƙasansa ta zauna a kai, kwandon yana miƙewa yana matsewa, farin ruwa yana tsiyaya cikin roba. Garin a tankaɗe, a zuba a ƙaton kasko a yi ta juyawa da katako cikin hayaƙi har ya bushe ya yi rawaya. Sunansa farin, kuma garin kwaki ne sak, sai dai ƙwayarsa ta fi girma da tauri, ka jiƙa shi kafin ka tauna in kana son haƙoranka. Wani garin a yi gurasa mai faɗi a shanya a kan jinka. Ruwan gubar ma ba a zubarwa, dafa shi ake yi har gubar ta tafi, a yi romon kifi mai barkono da suke kira tuma, ko a ƙafe shi ya yi baƙi ya yi kauri. Ka kula da yara da dabbobi kusa da ɗanyen ruwan nan, yana kisa.

Zaman Musulmi

Mutanen Kirista ne, Angilika da Katolika da wasu coci-coci, kuma ban taɓa samun wanda ya tsangwame ni don ina sallah ba. Musulmin Guyana kusan kashi 7 ne cikin 100, yawancinsu a bakin teku, can masallatai suke. Zaka ji ana kiran Musulmi Fulaman, kalmar daga Fulani ta samo asali, Musulmin Afirka ta Yamma da aka kai bauta. Wasu ba sa son a kira su da ita, amma ni ranar da na fara jinta sai da jikina ya yi sanyi. A ƙauye kai kaɗai zaka yi sallarka, Juma'a sai in ka fita, wannan kaɗaicin gaskiya ne, kar in ɓoye ma. Alƙibla gabas ce ka ɗan karkata arewa. Dare da rana kusan daidai suke duk shekara, azumi ba ya tsawo.

Abinci ba matsala. Kifi ya wadata, ka sayi kaza ko akuya ka yanka da kanka, ga shinkafa, wake, kabewa, ayaba, mangwaro har ya ishe ka. Naman daji ka tambaya kafin ka ci, don akwai aladen daji a ciki. Abin da zai fi zo ma a kai a kai shi ne parakari, abin sha na rogo da ake tsimawa, shi ake miƙa wa baƙo a ƙwarya, shi ake sha a wurin gayya. Ka gaya wa toshawo tun ranar farko cewa addininka ya hana ka duk abin da ke bugarwa, shi zai sanar da jama'a, daga nan da ka shiga gida ruwan lemo ko shayin ganye za a kawo ma. Ƙin karɓa ba bayani shi ke ɓata rai.

Kuɗi da ƙasa

Mutane suna rayuwa ne da noma, su, farauta, kiwon shanu, saƙa, sai 'yan albashin malamai da ma'aikatan lafiya da fanshon tsofaffi. Wasu ƙauyukan sun kama harkar baƙi masu yawon buɗe ido da hannunsu, Surama da masaukinta, Rewa da ƙaton kifin nan arapaima da ake kamawa a saki, Yupukari da binciken kada. Daga Surama ne Sydney Allicock ya fito, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2015 zuwa 2020. An gano mai a tekun ƙasar a 2015, aka fara haƙowa a ƙarshen 2019, kuma a 2022 gwamnati ta sayar wa kamfanin mai na Hess da shaidar kare daji ta aƙalla dala miliyan 750, wato ana biyan ƙasar don ta bar dajinta ba a sare ba, aka ware wa ƙauyukan Amerindiyan kashi 15 cikin 100, kowane ƙauye ya tsara abin da zai yi da rabonsa. Zaka ga sabbin taraktoci da gine-gine. Zaka kuma ji masu cewa ba a shawarce su yadda ya kamata ba, da masu ƙorafin cewa takardar mallakarsu ba ta kai iyakar ƙasar kakanninsu ba, ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa doka ta ce na gwamnati ne. A ganina ƙorafin yana da tushe. Amma kai baƙo ne, ka saurara da kyau, kar ka shiga siyasar jam'iyya ko ta zaɓen toshawo.

Shawarata

Ka je, in har ƙungiyar ta amsa ma waɗannan a rubuce: wane ƙauye ne, ina zaka kwana, wa zai yi ma rajista da hukumar nas-nas ta ƙasar kafin ka taɓa majinyaci, wa zai biya jirgi in kai ne ka kwanta ciwo, kuma sau nawa zaka fita hutu. In suna kwana-kwana a kan rajista ko kan fitar da kai in ba ka da lafiya, ka dakata har sai sun gyara. In da hali ka isa da rani, wajen Oktoba zuwa Janairu, ka san mutane da hanyoyi kafin ruwa ya sauko.

Ka tafi da katin rigakafin shawara, takalmin roba mai tsawo, tocilar goshi, na'urar awon jini taka ta kanka, ƙaramin farantin sola da fawabank, riguna masu dogon hannu saboda wani ɗan ƙuda kabura da ke cizo a bakin ruwa da damina. Gadon lilo da gidan sauronsa ka saya a can, nasu na auduga da mata ke saƙawa ya fi kowanne, kuma a karkace ake kwanciya a ciki, ba a miƙe ba, in ba haka ba bayanka zai yi ciwo. Ka sa Hajiya ta haɗa ma yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, a niƙe a ɗaure da kyau, kuma ka bayyana su a filin jirgi in an tambaya. In ka samu sunan ƙauyen ka sake rubuto min, sai mu duba ko ta mota ake shiga ko ta ruwa.